Abin da Inna Saturia Ta Bari a Kan Tire

A garinmu Navarejo ba a ɗora laimar kwaɗi a wuta sai ta bi ta teburin Inna Saturia. Haka na taso na tarar. Teburin na dutse ne, yana ƙofar gidanta a ƙarshen layin da ke gangarawa daji, don haka duk wanda ya fito da kwando ta gabanta zai wuce. Da kaka, in ruwa ya sauka ƙasa kuma ba ta gama hucewa ba, tun hantsi ake taruwa a wurin, kowa takalminsa duk taɓo.

Aikinta ba shi da surutu. Za ka juye kwandonka a kan wani faffaɗan tiren katako da ke bisa teburin. Ita kuma ta zauna ta bi su da ido, ta tsince miyagun ta jefa a bokitin ƙarfe da ke wajen ƙafarta. Ba ta taɓa cewa wannan mai kyau ce ba. In ta gama sai ta goge hannu a jikin siket ɗinta ta ɗauke kai. Abin da ya rage a tiren naka ne, ka je ka soya. Shirunta shi ne izini, kuma kowa ya san haka, har yaran da ba su iya ɗaura igiyar takalmi ba.

An haife ta a shekarun yunwa da suka biyo bayan yaƙi. Tana yarinya, wata rana ta bar awakinsu suka shiga lambun limamin coci suka yi ɓarna, uwarta ta hana ta abinci. Abincin ranar laima ce da uwar ta tsinko a kwarin da ke bayan tsohon injin katako. Uwar ta ci, ƙanenta Tasio ya ci, Saturia tana zaune a lungu tana kallonsu tana haɗiyar yawu. Suka kwana lafiya, suka tashi lafiya. Sai da rana ta ɗaga sannan amai ya fara. A rana ta uku ciwon ya sake su, uwar har ta fita ta yi wanki, maƙwabta suka shigo yi musu barka. Daga nan idanunsu suka fara yin rawaya. A mako guda aka binne su.

Ba ta ba da wannan labari da yawa. Ni a bakin kakata na ji shi. Abin da kowa ya sani shi ne daga baya ta liƙe wa wani tsoho mai ƙona gawayi, ta bi shi daji shekara da shekaru har ta san kowace laima da inda take fitowa. Ta auri Nicanor mai aiki a injin katako, suka haifi ɗa guda, Abilio, wanda yanzu shi ke da mashayar gari inda ake shan kofi da giya ana kuma cin abinci. Nicanor ya rasu tun ina firamare. Ita kanta ba ta taɓa sa laima a baki ba. Kuma tun da ta fara zama a teburin nan ba a sake binne kowa a Navarejo saboda laima ba.

Wannan ne ya sa babu wanda ya koya. Kakannin kakanninmu sun san laima, mu kuwa hanyar gidan Saturia muka sani. Mutum zai tsinko duk abin da ya yi masa kyau a ido, ya ce ai tsohuwa za ta duba.

Wadda ta fi tsana ita ce koriya: hularta kore-kore mai ɗan sheƙi, ƙasanta fari tas, gindinta a cikin wani ɗan buhu. Tana kama da wata da muke ci, mai launi kusan ɗaya. In ta tsinci koriya a kwandon mutum ba ta jefa ta nan take. Sai ta ɗaga ta dab da hancinsa ta riƙe har ya sunkuyar da kai.

A farkon bazarar bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ta dawo daga asibitin Soria hannun dama a mace, ƙafar dama tana ja, magana kuma ta tafi. Ni lokacin na gama jami'a a Valladolid, inda na karanta aikin mayar wa irin waɗannan majinyata magana, na dawo gida ina jiran aiki. Abilio ya tare ni a gidan burodi.

"Henar, 'yar boko. An ce kin karanto yadda ake mayar wa mutum bakinsa."

Na ce ina gwadawa.

"To zo ki gwada a kan Mama. Amma ki shirya, zagin nata bai shanye ba."

Gaskiya ya faɗa. Sunayen abubuwa duk sun gudu daga kanta. Ta nemi cokali ta ce taga, ta ji da kunnenta ba daidai ba ne, ta daki kujera da hannun hagu. Kalma ɗaya ce ciwon ya bar mata cif, ita ce "jaki", da ita take gaisuwa, da ita take godiya. Na ga in na tsaya kan sunaye za mu shekara muna faɗa, sai na koma kan kalmomin nuni. Wanda yake da yatsa da kalma uku zai iya neman duk abin da yake so a ɗaki. Na ɗauko kofuna uku na kofi. Ɗaya na sa a hannunta: esta, wannan ta wurina. Ɗaya na riƙe: esa, wannan ta wurinki. Na ukun na kai kan taga: aquella, waccan ta nesa.

Kullum da hantsi muke yi, a ɗakin girkinta mai ƙamshin tafarnuwa da hayaƙin itace. Esta ta zo da wuri. Esa ta ɗauki lokaci. Ta nesan ce ta fi ba ta wahala, bakinta ya kama farkon kalmar ya saki ƙarshen. Ranar da ta faɗe ta daidai ta dube ni ta ce, "Jaki," a hankali, na gane yabo ne.

A cikin wannan karatu na fara lura da wani abu. In na kai kofin nesa kan tagar hagu, nan take ta nuna shi. In na kai shi kan kantar da ke damanta, sai ta yi ta dube-dube kamar na ɓoye shi, alhali yana fili. Da farko na ɗauka gajiya ce. Sai na ga farantin abincinta: ta cinye rabin hagu ƙal, rabin dama yana nan kamar an yanka da wuƙa, kuma tana cewa da hannu a ƙara mata. Kafaɗarta ta dama duk tabon bugun ƙofa. Wata rana na tsaya a damanta na daɗe ina riƙe da kofi, tana ta kiran "jaki" wajen ƙofa, tana zaton na fita.

Mun karanta wannan a makaranta. Ido lafiyarsa lau, ƙwaƙwalwa ce ta daina karɓar rabin hoton. Kuma mai shi ba ya ganin duhu a wajen, balle ya yi ƙorafi. A wurinsa abin da ya gani shi ne duka.

Na je mashaya lokacin da babu mutane. Magana da manya ba ta yi mini sauƙi, sai da na maimaita abin da zan ce a hanya.

"Kawu Abilio, Inna ba ta ganin abin da ke damanta."

Yana goge kofuna, bai ɗago ba. "Likitan ido ya ce idonta ya fi nawa."

"Ba idon ba ne. Ina maganar tebur ne. In kaka ta zo, duk abin da ya faɗa ɓangaren dama na tiren ba za ta taɓa shi ba. Mutane kuma za su kwashe."

Ya ajiye tsumman.

"Kin san abin da ya sa take tashi daga gado? Kullum sai ta sa na buɗe mata taga ta duba ko hadari ya taso. Teburin nan shi kaɗai ya rage mata, Henar. Kada ki faɗa wa kowa tukuna. Zan mayar da ita Soria a duba, kafin nan ba wanda zai juye kwando a ƙofarmu. Na yi miki alkawari."

Asibiti suka ba shi rana mai nisa. Ruwa kuma bai jira ba. Ya sauka a ƙarshen Satumba, mai laushi, kwana da kwanaki, daji ya fara wannan warin na ruɓaɓɓen ganye da ke shiga har cikin ɗaki. A mashaya hira ta koma ta laima. Motocin 'yan birni suka fara tsayawa a bakin daji, su kuma in sun fito wurin Abilio suke cin ƙwai da laima. Na ga yana kauce wa idona a titi.

Ranar Asabar na tafi Soria rubuta jarrabawar neman aiki, na kwana wurin 'yar'uwar mahaifiyata. Da safen Lahadi motar haya ta sauke ni a bakin coci. Tun daga saman layin na hango mutane a ƙofar Inna Saturia.

An fito mata da kujera. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, an gyara mata gashi, hannun da ya mutu yana kwance a cinyarta. Rabon da in ga fuskarta a sake haka tun kafin ciwon. Abilio yana tsaye a bayanta. Da ya gan ni sai ya shiga gyara mata mayafin kafaɗa.

Kwandon da ke kan tire na Baba Crispín ne, tsohon mai saran itace, gwauro, shi da karensa kawai a gida. Sa'anta ne kusan, kuma tun suna yara suke tsokanar juna.

"Ga malama ƙarama," in ji shi. "Zo ki ga ɗalibarki. Bakin ne ya tafi hutu, amma idon nan ko shaho albarka. Ko ba haka ba, tsohuwa?"

"Jaki," in ji ta.

"Kun ji ko? Shekara saba'in tana kirana da sunan soyayya, har yau ta ƙi aurena."

Aka yi dariya. Ta miƙa hannun hagu ta tsince guda biyu masu tsutsa, da wata ja mai ɗigon fari, ta jefa a bokiti. Ta sake bin tiren da ido, daga gefen hagu zuwa tsakiya, ta tsaya. Ta goge hannu a siket. Ta ɗauke kai.

Baba Crispín ya jawo kwandonsa zai fara kwasa.

Ni ban san laima ba. Duk wanda ke wurin ya fi ni saninta, ko da sanin nasu kaɗan ne. Ban ga wani abu a tiren da zan nuna in ce ga shi ba. Abin da na sani kawai shi ne idonta bai ƙetare tsakiya ba. Na matsa kusa, muryata ta fito ƙasa-ƙasa.

"Baba Crispín, ɗan dakata. Inna, mu yi karatunmu na yau a nan."

"Yau Lahadi, malama," in ji wata mata daga baya. "Ko Allah ya huta."

Na kama tiren da hannu biyu na juya shi a kan dutsen, gefen dama ya koma hagu. Katakon ya yi ƙara, laimomin suka ɗan gangara. Na ce, "Wacce, Inna?"

Ta dube ni da fushi, sannan ta dubi tiren. Na ga lokacin da fushin ya bar fuskarta. Hannunta ya tafi a hankali ya ɗauko wata mai hula kore-kore. Ta juya ta. Ƙasanta fari tas, ga ɗan buhun a gindi da ƙasa a jikinsa.

"Esta," ta ce.

Ta ajiye ta a kan dutse, ta ɗauko wata. "Esta." Ta ɗauko ta uku, ƙarama, ba ta gama buɗewa ba. Ba ta ɗaga su a hancin kowa ba. Ta jera su a gabanta tana kallo.

Karen Baba Crispín yana shinshina bokitin.

Daga nan ta fara juya kanta zuwa dama, kaɗan-kaɗan, kamar mai leƙa ɗakin da ba nata ba. Ta ga mata biyu da suke tsaye a wurin tun ɗazu. Ta ga ƙofar maƙwabta, ta ga rabin layin. Ta mayar da kai, suka ɓace mata, ta sake juyawa. Ta yi haka sau da yawa, mu duka muna kallo.

Sai ta ɗaga yatsa. Ba tire ta nuna ba. Ta nuna can saman layi, wajen gidajen da hayaƙi ke fita ta rufinsu. Bakinta ya yi ta kokawa.

"Aquellas," ta ce. Waɗancan. Ta sake yunƙuri, wata kalma da ban taɓa koya mata ba ta fito: "Jiya."

Na juya na dubi Abilio.

"Kwando uku ne kawai ta duba jiyan," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Ta ji muryarsu a ƙofa, ta dinga dukan gado da sanda. Me zan yi? Ɗaya nawa ne, yana kicin, na abincin rana ne, ban taɓa ba. Ɗaya na gidan Remedios."

"Namu yana cikin firiji," in ji Remedios, ɗaya daga matan da ke dama. Ta riga ta juya tana sauri zuwa gida.

"Na ukun fa?" na ce.

Baba Crispín ya yi dariya, ya shafa cikinsa. "Na ukun ya isa inda za shi. Da ƙwai da tafarnuwa, har kaskon na suɗe da burodi. Ku dube ni. Na yi barci kamar jariri, na tashi na shiga daji kafin ku buɗe ido."

"A ina ka tsinko na jiyan?" in ji Abilio.

"Inda na tsinko na yau mana. Kwarin bayan tsohon injin. Wurin ya cika, ba mai zuwa."

Inna Saturia ta dafa tebur ta miƙe da kanta, abin da ba ta yi ba tun bazara. Ta kama gaban rigarsa da hannun hagu.

"Jaki," ta ce. "Mota."

"Haba Saturia, a gaban mutane? Lafiyata ƙalau, na rantse miki. Ko ciwon kai ba na ji."

Ba ta sake shi ba. Ta dube shi kawai, shi ma ya dube ta, kuma duk garin nan babu wanda ya kai shi sanin labarin uwarta, don uwarsa na cikin waɗanda suka shiga yin barka. Dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya tambaya wa zai ba karensa abinci.

Abilio ya tuƙa, na zauna a baya da korayen nan uku a cikin takarda don a nuna wa likita. Baba Crispín ya yi ta ba mu labari har muka wuce tafki. Kafin mu shiga Soria ya ce a tsaya, ya buɗe ƙofa ya yi amai a bakin titi. A kwandon Abilio, da aka duba daga baya, an sami koriya biyu. A na Remedios ba a sami komai ba.

A rana ta uku wayar mashaya ta yi ƙara, Abilio ya sa kowa ya ji. Baba Crispín ne, murya garau, yana cewa ya warke, ma'aikatan jinya sun ƙi sakinsa ne don suna sonsa, a gaya wa tsohuwa ta shirya kayan aure. Mashaya ta ɗauki tafi. Ni aka aika in kai mata albishir. Na same ta a ɗakin girki, na faɗa mata. Ta ɗaga yatsu uku ta nuna mini, sannan ta juya fuska bango. Washegari aka ce hantarsa ta fara gazawa, an wuce da shi babban asibiti.

Bai mutu ba. Likitoci sun ce zuwa da wuri ne ya cece shi. Ya dawo dab da Kirsimeti, idonsa da sauran rawaya, wandonsa yana yawo a ƙugu, an hana shi giya da soye-soye har abada. Ya zo ƙofarta ya ƙwanƙwasa da sanda.

"Fito, tsohuwa. Kin yi ƙoƙarin kashe ni kin kasa, sai ki aure ni kawai."

Tana ciki tana jinsa, ba ta fito ba. A makon ne ta sa Abilio ya ɗauko guduma ya farfasa teburin. Ya yi ta roƙonta, tana nuna teburin tana cewa esa, esa, har ya yi. Tiren kuma da kanta ta tura shi cikin murhu.

Mun ci gaba da karatu har na sami aiki a Soria. Yanzu tana haɗa kalma huɗu ko biyar, ta kuma koyi juya kai in za ta ci abinci. Maganar laima ce ba ta yi. An kawo wani masani daga birni ya yi bayani a zauren gari, da hotuna, mutum kaɗan suka je. Suka ce hoto ba ya wari.

Bana ruwan kaka ya zo da wuri. Na zo hutun ƙarshen mako, da safe na gangara gaishe ta. Tagoginta a rufe suke, haka take barinsu duk lokacin laima. A ƙofar, daidai inda ƙafar teburin ta bar alama a ƙasa, wani ya ajiye kwando cike, an rufa masa ganye. Na shiga na faɗa mata. Ta girgiza kai, ta ce in rufe ƙofa.

Na yi niyyar in ɗauke shi in kai mashaya a nemi mai shi. Muka sha kofi, na taya ta tsefe gashi. Da na fito kwandon ba ya nan. Ba wanda ya taɓa abin da ke ciki, ba a cire ko ɗaya ba, kuma mai shi ya zo ya ɗauka, alhali a garin nan shirunta izini ne. Na bi gida-gida ina tambaya har azahar, kowa ya ce ba nasa ba ne. A lokacin layin duk ya ɗauki ƙamshin tafarnuwa da mai.